Ni Da Sikanar Gwanjo

A kowane babban gida akwai mutum guda wanda dangi suka yi ittifaƙi a kansa, ba tare da sun zauna shawara ba, ba kuma tare da sun nemi yardarsa ba, cewa shi ne masanin na'urori. Kuma da zarar wannan suna ya bi mutum, to, duk rediyon da ya yi shiru, da wayar da ta ƙi caji, da agogon bangon da ya tsaya cik, gabansa za a kawo su a dire, a koma gefe a harɗe hannu ana jiran a ga abin da Allah ya hore masa. A gidanmu na Katsina ni ne wannan bawan Allah, alhali kuwa hujjar dangi duka ba ta wuce cewa na yi shekara da shekaru ina buga takardun jarrabawa da tafireta a makarantar da na koyar, har Allah ya kawo lokacin ajiye aiki.

Saboda haka, da maganar littattafan marigayi mahaifinmu ta taso, ba a ko dubi fuskar wani ba. Malam, Allah ya jiƙansa, ya bar mana littattafai rubutun hannu cike da akwatunan ƙarfe, akwai Ahalari da Iziyya da Risala ta Ibn Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, akwai kuma Muhtasar na Shaihu Halilu wanda ya gada daga kakanmu, kowanne waraƙa-waraƙa ba ɗinki, a cikin gafakarsa ta fata, gefen shafuffukan cike da hashiya da 'yan fassarori na ajami waɗanda ya riƙa sa wa da siririn alƙalami zamanin da yake ɗaukar karatu. Wasu daga cikin takardun, in ka ɗaga su ga hasken rana, sai ka hangi alamar jinjirin wata uku a jikinsu, irin takardar nan da aka riƙa yi a ƙasar Italiya fatake na ƙetaro Sahara da ita. To, ga gara ta fara leƙo gindin akwati, ga 'yan'uwanmu na Maraɗi sun fara aiko saƙo cewa su ma jikokin mai Muhtasar ne, suna da hakkin su ga rubutun kakansu. Yaya, wanda shi ne babba a gidan, kuma maganarsa ba a maimaita ta, ya yanke hukunci biyu a zama guda: za a ɗauki hoton kowane shafi a aika wa kowa, amma ko waraƙa ɗaya ba za ta ƙetare dokin ƙofar ɗakin Malam ba.

Ɗan Yaya, wanda ya karanci ilmin kwamfuta, shi ya hana a yi aikin da waya, wai hoton waya yana zuwa da inuwar hannu da karkacewa. Ya ce a nemi sikana, wato na'urar nan mai faffaɗan gilashi da murfi, wadda wata fitila ke tafiya a ƙarƙashin gilashin tana karanta takarda layi bayan layi. Shi ne kuma ya tsara yadda za a yi: tsohuwar kwamfutar tebur, wadda allonta ya dushe har sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya ga rubutu, za ta zauna ɗakin Malam tare da sikanar, ni kuwa in zauna zaure, inda akwai haske da fanka, da kwamfutar cinya wadda ramukanta na USB duk sun saki, in riƙa ba da umarni daga can ta hanyar rautar gidan, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin. Ya zuba wa kwamfutocin biyu Linux irin na Debian, ya cika mini ƙaramin littafi da umarce-umarce, ya ce, "Baffa, abin ba wuya, duk na rubuta maka a nan." Kashegari ya tafi bautar ƙasa wani ƙauye inda ba a samun sabis sai an hau kan dutse.

Ya wajaba in dakata nan in gabatar wa mai karatu da mutanen da na faɗa hannunsu. Asalin al'amarin, bisa ga ruwayar da suke yi da kansu, wani Ba'amurke ne mai suna Richard Stallman yana aiki a jami'ar MIT, injin buga takardu na wurin aikinsu ya riƙa cije takarda, ya nemi a ba shi asalin rubutun manhajar injin don ya gyara da kansa, aka hana shi. Haushin wannan hani yana daga cikin abin da ya sa a 1983 ya shelanta cewa zai gina manhajar da kowa ke da ikon ya karanta, ya gyara, ya ba wani. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, aka sa mata suna Linux. A 1996 kuma David Mosberger-Tang da abokan aikinsa suka fara SANE, tarin manhajojin da ke sa irin wannan tsari ya iya magana da sikana. Hikimar da suka yi ita ce sun raba aikin biyu: akwai manhajar da mutum ke gani yana dannawa, akwai kuma tafintoci a bayanta, kowane tafinta da dangin sikanar da yake jin harshensu, kuma da yawa daga cikin waɗannan harsuna ba masu ƙera na'urorin ne suka koyar da su ba, 'yan sa-kai ne suka zauna suka yi ta kasa kunne ga abin da ke wucewa cikin waya har suka gane shi. Lalle waɗannan mutane waƙafi suka yi da iliminsu, ba su ɓoye kome ba, kowane umarni da sharhinsa, kowane sharhi da hashiyarsa. Illarsu guda, sun ɗauka duk wanda ya zo gabansu ya riga ya sauke, alhali wasunmu ko babbaƙu ba mu gama ba.

Sikanar kuwa ta gwanjo ce, na sayo ta Kano wurin wani mai kayan lantarki wanda ya rantse mini cewa wata tsohuwa ce ke da ita a Turai, ba ta taɓa ɗora mata kome ba sai katin gaisuwa. Siririya ce, ba ta da wayar wuta ta kanta, daga kwamfuta take shan wutarta. Da na tambayi igiyarta, ya sa hannu cikin wani kwali inda wayoyi suka cukurkuɗe, ya zaro guda wadda bakinta ya shiga ramin, ya haɗa mini da faifan CD mai hoton na'urar a jikinsa, ya ce wannan gyara ne.

Na kawo ta gida, na yi bisimilla, na jona, na buɗe manhajar Simple Scan. Ta ce ba ta ga sikana ba. Na cire na mayar, ta ce ba ta gani ba. Na kashe kwamfutar na kunna, na sāke rami, na hure bakin igiyar, na goge shi da gefen riga, amsa dai ita ce ta farko. Sai na koma ga littafin yaron, inda ya rubuta cewa in abu ya ƙi, a buɗe baƙin allo a rubuta lsusb, zai jero duk abin da ke jone da kwamfutar, kowanne da lambar maƙerinsa da lambar kansa. Na rubuta, ya jero linzami, ya jero allon rubutu, ya jero waɗansu abubuwa da ban san ina da su ba, amma sikana ko alamarta.

A nan ne na fahimci abin da ya zama mini ginshiƙi a sauran wannan jarrabawa, wato hoton takarda ba ya isa gaban mutum sai da isnadi. Manhajar da kake gani ta karɓo daga tafinta, tafinta ya karɓo daga zuciyar tsarin, ita ta karɓo daga ramin USB, rami daga igiya, igiya daga na'ura, na'ura daga fitilar da ta ga takardar da idonta; in mai ruwaya guda ya faɗi a tsakani, to, sauran ko duk amintattu ne, labari ya yanke. Malaman Hadisi kuwa, in suna binciken isnadi, wanda ba a san asalinsa ba shi suke fara tuhuma, kuma a cikin wannan silsila ba majhuli irin igiyar da aka zaro daga kwali. Maƙwabcinmu mai ɗaukar hoto, da ya shigo gaisuwa, ya juya ta a hannu, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai wannan ta cajin rediyon karatu ce, irin mai katin ajiya." Ya yi mini bayani cewa igiyar USB ta ƙwarai siraran wayoyi huɗu ne a cikinta, biyu na wuta biyu na magana, irin wannan kuwa na wuta kaɗai aka sa mata don arha. Ya aiko mini da igiyar wata tsohuwar kyamararsa, gajeriya mai kauri, ya ce kada in ƙara mata tsawo da wata, domin abin da ramin ke bayarwa bai wuce bolt 5 da rabin amfiya ba, na'urar kuma da shi za ta kunna fitila ta tuƙa injinta. Ina jonawa, lsusb ya ambaci sunanta.

Na yi hamdala, amma da sauran rina a kaba. Littafin ya ce umarni biyu ne ake gwada sikana da su: sane-find-scanner, wanda aikinsa ya leƙa ramuka ya ce ga wata aba mai kama da sikana, da kuma scanimage -L, wanda ke kiran tafintoci ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su ko akwai mai jin harshenta. Na farko ya shaida ya gan ta, na biyu ya ce shi bai san da ita ba. Na shiga muraja'ar sharhohi, na tarar sun ambaci dalilai uku da kan jawo wannan saɓani: ko ba a ambaci tafintan a cikin fayil ɗin dll.conf ba, ko mai kwamfutar ba shi da izini, ko kuwa na'urar tana daga cikin waɗanda ba sa farkawa sai an ɗura musu wata 'yar manhaja duk lokacin da aka kunna su, wadda ba a samunta sai a faifan da maƙerin ya haɗo da ita. Mas'ala ta uku ta fi sauran kwarjini, kuma ta fi dacewa da girman wahalar da na sha, don haka ita na rinjayar. Na aika a ɗauko faifan, aka nema ƙasa da sama ba a gani ba, sai can aka hango shi yana walƙiya a bayan keken jikana, an huda shi an ɗaure da waya. Yaron ya ce shi a ƙasa ya tsinta, kuma abin da aka tsinta a ƙasa ya zama na mai tsintuwa; muka yi ta ciniki a bakin ƙofa, ina yi masa bayanin hukuncin tsintuwa a mazhabar Maliku yana yi mini bayanin farashin fitilar keke, har dai na fanshi faifan da kuɗin da ya kusa rabin na sikanar. Na wanke shi, na shanya, na sa a kwamfuta, da ƙyar ya buɗe. Daga baya, da na duba jadawalin na'urorin da SANE ke tafiya da su, na iske dangin tawa ba sa bukatar kome daga faifai.

Izini ne ashe. Littafin ya ce in ka sa kalmar sudo a gaban umarni, to, ka yi magana da muryar mai cikakken iko a kan kwamfutar. Na sa ta gaban scanimage -L, nan take ya ambaci sikanar da sunanta da sunan tafintanta. Na cire ta, ya koma ya ce bai san da ita ba. Wato ni da na sayi na'urar da kuɗin fanshona, a cikin gidan ubana, a kan teburin da na gada, ba ni da izinin taɓa ta, don ba a rubuta sunana cikin wata ƙungiya da ake kira scanner ba. Na ji zafin abin, amma da na yi tunani sai na ga ba zalunci ba ne, domin an gina wannan tsari ne a kan cewa mutane da yawa za su yi tarayya a kwamfuta guda, kuma ba kowa ya kamata ya ga takardar da wani ya manta a kan gilashi ba. Na shigar da kaina ƙungiyar da umarnin usermod, na gwada, ta ƙi; ashe sai mutum ya fita daga kwamfutar ya sāke shigowa da kalmar sirrinsa kafin a san an naɗa shi. Na fita, na yi sallama, na shigo, aka san ni.

Da sunan sikanar ya bayyana, zumuɗi bai bar ni na tsaya ɗora mata takarda ba, na zarce babi na gaba, babin saned, wato hadimin da ke zaune bayan fage a kwamfutar ɗakin Malam, yana jiran wata kwamfuta ta kira shi ta ƙofa mai lamba 6566, ya karɓi saƙonta ya kai wa sikana. Na tambayi systemctl labarinsa, aka ce an hana shi tashi da gangan. Na dubi jerin masu aiki a cikin kwamfutar, ba ya ciki. Na ɗauki lokaci ina ƙoƙarin tayar da wanda ba barci yake ba, kafin na gane cewa haka aka tsara shi: ba ya zama yana cin wuta a banza, wani ɗan tsaron ƙofa ne da ake kira saned.socket ake kunnawa, shi ke zaune a bakin 6566, sai an ƙwanƙwasa ya taso da hadimin, in an gama ya sallame shi. Na kunna ɗan tsaron ƙofar. Na buɗe saned.conf na rubuta adireshin kwamfutar zaure, don hadimin ba ya amsa wa wanda ba a rubuta masa ba. Na koma zaure na buɗe net.conf na rubuta adireshin ta ɗakin Malam, don ita ma ta san inda za ta aika. Na buɗe Simple Scan a zaure, sai na ga ba ta ƙara cewa ba ta ga sikana ba, maɓallinta ya yi haske yana jiran a danna.

Ban danna ba, domin na ga irin wannan buɗi bai kamata a yi shi ba shaidu ba. Bayan La'asar na gayyato Yaya da limamin unguwarmu, wanda ya yi karatu wurin Malam, aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi. Na je ɗaki da kaina na ɗora shafin farko na Risala a kan gilashi, na dawo, na yi ɗan jawabi a kan yadda Allah ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Muka matso da kawunanmu gaban allo, na ce bisimilla, na danna.

Abin da ya fito shi ne tsofaffi uku sun tura fuskokinsu gaba, na tsakiya baki buɗe, na dama ya sauke tabarau kan hanci, na hagu da kofin shayi a hannu, fanka kuma tana bisa kawunansu. Aka yi shiru. Can Liman ya gyara murya ya ce, "Malam, ni dai na karanci Risala wurin mahaifinku tun daga farko har ƙarshe, amma ban tuna wannan babin ba." Yaya bai ce uffan ba, ya ɗaga tabaransa ya dube ni, ya dubi allon, ya sāke dubana. Abin da ya faru, a cikin tafintocin SANE akwai wani mai suna v4l, wanda ke ɗaukar kyamarar kwamfuta a matsayin sikana, kuma da manhajar ta nemi ta ɗakin Malam ba ta samu ba, sai ta yi taimama da 'yar kyamarar da ke goshin kwamfutar cinya. Na yi musu wannan bayani filla-filla, har da batun taimamar, Liman ya ce ƙiyasin ya yi, amma a aika masa hoton.

Da dare na sami ɗan Yaya a waya, iska na kaɗawa a bayansa, muryarsa tana zuwa tana yankewa. Daga gutsattsarin abin da na tsinta na gane cewa kafin ya tafi ya kewaye kwamfutar ɗakin Malam da ganuwa, irin wadda ake sarrafawa da umarnin ufw, ya rufe kowace ƙofa, ya kuma manta bai rubuta wannan a littafin ba. Na buɗe 6566, sai ga sunan sikanar gaskiya ya bayyana a zaure, da adireshin ɗakin Malam a gabansa. Na danna, manhajar ta ce tana aiki, ta yi ta cewa tana aiki har aka kira Isha'i, ba hoto ba dalilinsa. Na sāke neman yaron, aka ce ya sauko daga dutse. Sai da na koma ga sharhin saned na karanta shi da natsuwa, kalma bayan kalma, na iske cewa 6566 ƙofar gaisuwa da umarni ce kawai, hoton kansa ta wata ƙofa dabam yake fita, wadda hadimin ke zaɓa yadda ya ga dama a kowane karo, ganuwa kuwa ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Maganin yana nan cikin saned.conf, a wani layi mai suna data_portrange, inda ake iyakance masa ƙofofin da zai zaɓa, misali daga 10000 zuwa 10100, sa'an nan a gaya wa ganuwa ta bar waɗannan a buɗe. Layin yana nan tun farko, an sa masa alama a gaba don kada ya yi aiki, da bayaninsa a samansa, na wuce shi ban san iyaka ba ina neman abin da ya fi shi wuya.

Wannan karon ban gayyaci kowa ba. Na danna daga zaure, na kasa kunne, sai na ji daga ɗakin Malam wata ƙara mai tayar da hankali, gar-gar-gar, ba tsayawa, har kaji suka watse a tsakar gida. Na ruga na tarar fitilar ta kama, tana karkarwa a wuri ɗaya, ta kasa gaba ta kasa baya. Na zare igiyar. Jikina ya yi sanyi, don na tabbata ɗayan umarce-umarcen da na yi ta rubutawa da muryar mai cikakken iko ya karya wani abu a cikinta. Na koma ga baƙin allo, na kunna SANE_DEBUG_DLL don tafintoci su faɗi duk abin da suke yi, suka kuwa faɗa, rubutu ya yi ta gangarowa shafi bayan shafi, na zauna ina bin sa da yatsa ina neman inda aka ambaci laifina.

Ina cikin haka uwargida ta shigo da tsumma, ta ce tun da abin ya mutu bari ta share ƙurar da ke ƙarƙashinsa, don ɗakin Malam bai saba zama haka ba. Ta ɗaga sikanar, ta kifa ta a kan cinyarta, ta tsaya tana dubawa, sa'an nan ta ce, "Malam, wannan hoton kwaɗon ƙofa da ke nan, na mene ne?" Na ce mata wannan al'amari ne na manhaja, ba na tsumma ba. Ta ce to, amma ga kwaɗo biyu, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, ga kuma wani ɗan maɓalli a tsakaninsu yana wajen rufaffen. Ta sa babban yatsa ta tura shi, ya ce ƙas. Ashe irin waɗannan na'urori ana yi musu sakata a ƙasa, wadda ke riƙe fitilar kada ta yi ta kai da kawowa a hanya ta fashe, kuma duk wanda ya ɗaure ta a Turai ya kyauta, ya yi abin da ya kamata. Uwargida ta goge teburin, ta mayar da na'urar, ta ɗauki tsummanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko akwai sauran abin da ya gagara.

Shafin farko na Risala ya fito a zaure da daren nan, baƙar tawada da ja, da ɗigon da alƙalamin Malam ya yi a gefe, da wurin da yatsansa ya dusar da takarda saboda yawan juyawa. Na daɗe ina dubansa kafin na tuna da 'yan Maraɗi. Da na zo aikawa sai abu ya ƙi tafiya, domin na zaɓi ɗigo 600 a kowane inci, da launi, da faɗin gilashin duka, wanda ya sa shafi guda ya haura megabait 100. Na sauko 300, nauyin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ko wasalin ajami bai ɓace ba. Na kuma lura cewa irin wannan siririyar sikana ba ta ganin abin da bai manne da gilashi ba, duk waraƙar da damina ta tanƙwara sai gefenta ya fito dishi-dishi, sai an ɗora mata wani littafi a bisa murfi a hankali.

Liman ne, da ya dawo ganin Risalar gaskiya, ya yi tambayar da ba wanda ya yi tun farkon wannan tsari, ni da Yaya da ɗansa mai digiri. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in kana zaure kana dannawa, wa ke ɗakin yana juya takardar?" Aka naɗa jikata wannan muƙami, bisa sharaɗin alwala da wanke hannu da kuma ladan da ta yanka da kanta. Yanzu aikin yana tafiya ne da kiran juna ta kan katanga: in ce "Juya!", ta ce "Na juya, Tsoho, kai ne ba ka ji!" Ran da iska ta shigo ta taga ta watsa mata babin zakka a ƙasa, ta zo tana kuka, na nuna mata kalmar nan guda da marubutan dā ke sa wa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, ta jera su da kanta, ta kuma ƙara kuɗin ladanta. In aka ɗauke wuta aka maido, wani lokaci rauta takan sāke wa kwamfutar ɗakin Malam adireshi, zaure ya yi ta kira a tsohon gida. Na koyi ɗaure mata adireshi guda, na kuma cire v4l daga dll.conf, ko da yake na makara, don hoton tsofaffi uku ya riga Risala isa Maraɗi.

Labari ya bazu a unguwa cewa gidan Malam an sami injin da ke ɗaukar takarda kyauta. Aka fara da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, aka zarce takardun fili da na gona, har da wani da ya kawo sammaci yana tambaya ko injin na iya sauya ranar da ke ciki. Yaya ya ce hukuncinsa ya hana takarda fita ne, bai hana ta shiga ba, don haka ba a korar kowa, a dai tuɓe takalmi. Muhtasar yana nan cikin gafakarsa, ba mu kai gare shi ba. Shekaranjiya kuma wata dattijuwa daga bayan masallaci ta zo da babban ambulan na asibiti, ta zaro baƙin hoton ƙirjinta, ta ce a sa a injin, a aika wa ɗanta Legas, in kuma injin ya ga abin da ke damunta a gaya mata. Jikata ta ɗora, na danna, ya fito baƙi ƙirin, domin irin wannan hoto sai haske ya ratsa shi ta baya, fitilar tawa kuwa daga gaba take haskawa. Na fara yi mata bayanin haka, uwargida ta leƙo daga tsakar gida ta ce a gwada manna shi jikin taga a ɗauka da waya. Na ce wa dattijuwar ta dawo bayan La'asar, zan duba sharhi.